ZAUREN ILMI: Kafin Mutum-mutumi Ya Iso Ƙala'at an-Nahal

 

Yau za mu tsaya ne a kan wata wasiƙa da ta zo mini daga wani malamin firamare a Ƙala'at an-Nahal, wanda ya roƙi kada in ambaci sunansa. Malam ya ce wani ɗalibinsa ne ya zo masa da wayar yayansa, ya nuna masa hoton bidiyo na waɗansu yara a wata ƙasa, sun kasu ƙungiya-ƙungiya suna tuƙa 'yan ƙananan motocin da suka harhaɗa da hannunsu, motocin suna ɗaukar ƙwallo suna kaiwa raga. Da suka gama kallo sai yaron ya ɗaga kai ya ce, "Malam, mu kuma yaushe?" Malam ya ce wallahi bai sami abin da zai ce masa ba. Shi ne yake tambayata abu biyu. Na farko, shin wannan abu yana da wani amfani gare mu, ko kuwa wasan 'ya'yan masu kuɗi ne? Na biyu, in yana da amfani, ta ina mutum zai fara alhali ba shi da wuta, ba shi da kwamfuta, ba shi da injin kansa?

To Malam, amsata a taƙaice ita ce: yana da amfani, kuma kana iya farawa cikin makon nan ba tare da ka kashe ko girshi ɗaya ba. Amma bari mu bi maganar daki-daki.

Wai mene ne shi?

Sunan da muka ba shi da Hausa, watau mutum-mutumi, yana ruɗin mutane, domin da an faɗa sai a zaci wani dogon ƙarfe ne mai kai da hannuwa. Wanda yara ke koyo da shi bai wuce tafin hannun babba ba, kuma ya fi kama da mota. Abu uku gare shi. Akwai ƙafafu biyu, kowace da ɗan injinta. Akwai abin da yake ji ko gani da shi. Sa'an nan akwai ɗan allon lantarki wanda shi ne ƙwaƙwalwarsa. Kalmar robot da ake kiransa da ita a duniya ta fito ne daga wani wasan kwaikwayo da Karel Čapek, mutumin ƙasar Cek, ya rubuta a 1920, kuma asalinta a harshensu yana nufin aikin tilas. Sunan ya dace, gama shi bara ne wanda ba shi da wayon kansa. Abin da aka ce masa shi zai yi, yadda aka jera masa, ko da kuwa cikin rijiya umarnin zai kai shi.

Hanya biyu ake sarrafa shi. Ta farko ita ce tuƙi: yaro yana riƙe da abin sarrafawa, yana kallo, yana juya shi dama da hagu nan take. Ta biyu ita ce rubutun umarni: a zauna a yi tunani, a jera duk abin da ake so ya yi, a zuba masa a ƙwaƙwalwa, a sake shi ya tafi shi kaɗai. Don a ga bambancin, a dubi motocin binciken da Amurka ta saukar a duniyar Mars, watau Curiosity a 2012 da Perseverance a 2021. Saƙo yakan ɗauki tsakanin minti 3 zuwa 22 kafin ya isa can, gwargwadon nisan da ke tsakaninmu a lokacin. Direban da zai ga rami ya taka birki, kafin saƙonsa ya isa mota ta riga ta faɗa. Saboda haka tilas a rubuta mata aikin yini tun kafin ta motsa.

Me ya shafe mu?

Mu mutanen jihar Gadarif bai kamata a yi mana dogon bayani kan abin da inji ke yi wa rayuwa ba. Tun tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman dawa da tarakta a yankin Gadambaliya, daga nan abin ya bazu har ya mamaye wannan baƙar ƙasa tamu. Kowa ya ga yadda aka rabu. Waɗanda suka koyi tuƙin tarakta, wadda a nan ake ce wa babur, da waɗanda suka koyi kwance ta da ɗaura ta, sun sami sana'ar da ta riƙe gidajensu shekara da shekaru. Waɗanda ba su koya ba kuwa suka tsaya a kan lauje, suna jiran lokacin yankan riɗi. Ba raina lauje nake yi ba, da shi aka ciyar da yawancinmu. Amma babu uban da ba ya son ɗansa ya ɗara shi.

To yanzu injin ne ya sake sabon salo. A watan Janairu na 2022 kamfanin John Deere ya nuna wata tarakta a Amurka wadda ke yin huɗa ba kowa a kujerar direba. Ban ce baɗi za mu gan ta a gonakinmu ba. Abin da nake cewa shi ne, famfon ruwa mai aiki da hasken rana, da wayar hannu, da sababbin motoci, duk akwai ɗan allon nan na lantarki a cikinsu, kuma makanikin da bai san yadda yake aiki ba zai wayi gari da sifana a hannu ba abin da zai kwance.

Akwai kuma dalili na kusa. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 makarantu suka daɗe a rufe, da yawa a jiharmu suka zama masaukin 'yan'uwanmu da aka raba da gidajensu. A watan Oktoba na wannan shekarar hukumar UNICEF ta ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Kowane malami ya san wahalar yaron da ya daɗe bai zauna a aji ba: lissafi ya gudu, haƙurin zama ya ƙare, ga kunyar a ga ya girma bai iya ba. Irin wannan yaro yakan koma wa lissafi cikin sauƙi in ya zo masa ta hanyar wasa, shi da 'yan'uwansa, ba wanda ake nunawa da yatsa.

Kada kuma a ce yaranmu ba za su iya ba. Tsakanin 2014 da 2015 ƙungiyar War Child ta ƙasar Holan, tare da Jami'ar Ahfad da ma'aikatar ilmi, sun gwada koyar da lissafi ta 'yan allunan kwamfuta masu caji da hasken rana ga ɗaruruwan yaran ƙauye da ba sa makaranta, kuma Gadarif tana cikin jihohin da aka yi gwajin. Haka kuma a watan Yuli na 2017, da aka yi gasar farko ta FIRST Global a birnin Washington, inda matasan ƙasashe fiye da 150 suka hallara da mutum-mutuminsu, har da 'yan Sudan a ciki. Aikin da aka ba su a wannan shekara shi ne rarrabe shuɗin ƙwallo, wanda ke matsayin ruwa mai tsabta, daga ƙwallo mai ruwan lemo, wanda ke matsayin ƙazanta. Duk wanda ya taɓa shan ruwan hafir a ƙarshen rani ya san wannan ba wasan banza ba ne.

A fara da toka

Malam, ga inda za ka fara. Malaman da suka ƙirƙiro wannan fanni su kansu ba da inji kaɗai suke koyar da yaro ba. Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu, yana cikin waɗanda suka fito da harshen kwamfuta na yara mai suna Logo a 1967, wanda ake sarrafa wani ɗan mutum-mutumi da suka kira kunkuru da shi. In yaro ya rasa yadda zai sa kunkuru ya zana wani abu, sai a ce masa ya tashi ya zama kunkurun, ya taka da ƙafarsa, ya lura da abin da jikinsa ya yi, sa'an nan ya rubuta. A ƙasar New Zealand kuma wani malamin Jami'ar Canterbury, Tim Bell, da abokan aikinsa sun tattara wasanni masu yawa tun shekarun 1990 na koyar da ilmin kwamfuta ba tare da kwamfuta ba.

Ka sami fili a farfajiyar makaranta, ka ɗebo toka, ka zana gida-gida kamar na dara ko sija, shida a tsaye shida a kwance, kowane gida ya isa yaro ya tsaya a ciki. Ka kasa yara huɗu-huɗu. Ɗaya shi ne mutum-mutumi. Ɗaya marubucin umarni. Ɗaya mai karanta umarnin da ƙarfi. Na huɗu mai duba kuskure, yana bin rubutun da yatsa. Umarni huɗu kaɗai ake da su: gaba, baya, juya dama, juya hagu. Ka ajiye duwatsu a waɗansu gidaje su zama ramuka, ka ajiye gwangwani a wani gida ya zama rijiya.

Zagayen farko na tuƙi ne. A ɗaure wa mutum-mutumi ido da ɗankwali, mai karatu yana faɗa masa umarni ɗaya-ɗaya yana kallonsa har ya kai rijiya. Zagaye na biyu na rubutu ne. A rubuta hanyar duka a allo tun kafin a motsa, kuma da zarar an fara ba a yarda a canza ko harafi ɗaya ba.

Na gwada wannan da yaran gidanmu da na maƙwabta, kuma ga abin da za ka tarar. Da aka ce "juya dama", sai mutum-mutumi ya juya ya kuma ƙara taku, alhali juyawa kaɗai aka ce. Sa'an nan in ya fuskanto masu ba shi umarni, sai damarsa ta zama hagunsu, nan take gardama ta kaure. Wata yarinya ce ta raba gardamar, ta zagaya ta tsaya a bayansa ta ɗaga hannunta na dama. Wannan abin da ta gano, watau marubuci ya sa kansa a matsayin injin, shi ne rabin ilmin.

In sun gwanance, sai ka ce musu filin nan gona ce, a yi mata huɗa kunya shida ba a tsallake gida ko ɗaya ba. In suka rubuta taku ɗaya-ɗaya, umarni 45 za su jera, allo ya cika, hannu ya gaji. Ka ƙyale su su gaji. Can wani zai lura cewa abu ɗaya ake ta maimaitawa: gaba 5, juya dama, gaba 1, juya dama, gaba 5, juya hagu, gaba 1, juya hagu. Layi takwas ke nan, a rubuta a samansu "maimaita sau 3". Amma akwai tarko. A zagaye na uku, takun nan na ƙarshe zai fitar da tarakta daga gonar ta shiga ta maƙwabci, abin da kowa ya san yakan kai mutane gaban alƙali. Kada ka faɗa musu, ka bari su gani da idonsu. Maganinsa shi ne darasi na gaba: "idan ka zo iyaka, tsaya." Da jeri, da maimaici, da sharaɗi, yaran sun riƙe ginshiƙai uku da ake gina umarnin kowace kwamfuta a kansu, kuma duk da toka.

In injin ya samu

Ba sai kowane yaro ya sami nasa ba. Guda ɗaya ya ishi ƙungiya, biyu sun ishi aji su yi ta karɓa-karɓa. Akwai wani ɗan allo mai suna micro:bit wanda BBC ta raba wa 'yan makaranta kusan miliyan ɗaya a Birtaniya a 2016. Girmansa santimita 4 ne da 5, yana da 'yan fitilu 25 da maɓalli biyu a fuskarsa, ana kuma iya zuba masa umarni daga wayar hannu. In an sami biyu, suna magana da juna ta rediyo, sai ɗaya ya hau mota, ɗaya ya zama sitiyari a hannun yaro. Akwai kuma Arduino, wanda aka fara yi a Italiya a 2005, shi ya fi dacewa da manyan yara. Manhajar Scratch, wadda ta fito a 2007, tana koyar da jera umarni kamar ana jera tubali, akwai ta da Larabci, kuma in an sauke ta a kwamfuta tana aiki ba intanet. Jikin motar kuwa kwali ko falange ya isa. Yaranmu da ke ƙera motar langa-langa da ta karan dawa ba sa bukatar a koya musu wannan.

A fara da tuƙi, domin hannu ya san halin motar. Ba ta da sitiyari irin na babbar mota. In ƙafafu biyu suka juya daidai sai ta miƙe, in ta dama ta fi sauri sai ta karkata hagu, in ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya sai ta juya a inda take. A zuba kwalayen ashana a fili a ce dammunan riɗi ne, a zana rumbu a gefe, kowane direba ya tura dami ɗaya ya miƙa wa na bayansa. Wanda ya fi gaggawa yawanci shi ke watsar da kaya, kuma yara da kansu za su gane haka.

Daga nan sai lissafi ya shigo ba sallama. Ƙafar da aka fi samu a irin waɗannan motoci faɗinta santimita 6 da rabi ne. A zagaya ta da zare a auna, za a sami kamar santimita 20. To sau nawa za ta juya kafin ta ci mita ɗaya? Kusan sau 5. Yaron da ya ƙi haddace ƙa'idar da'ira a aji, ga shi yana nemanta da kansa don motarsu ta tsaya a bakin layi. Haka abin jin nisa: yana aika sautin da kunnenmu ba ya ji, ya jira amsa-kuwwa, kamar yadda jemage ke yi. Sauti yana cin kamar mita 340 a daƙiƙa. In amsar ta dawo bayan kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa, sautin ya yi tafiyar santimita 68 zuwa da dawowa, watau bango yana nisan santimita 34.

A kula da abu biyu a ƙasarmu. Ƙura tana kashe ƙananan injuna, don haka a shimfiɗa tabarma ko falange, a kuma ajiye kaya a cikin gwangwani mai murfi. Batir kuwa kada a bar shi a rana.

Sharuɗɗan gayya

Wannan aiki gayya ne, abin da maƙwabtanmu ke kira nafir, kuma gayya tana da ƙa'ida. Ta farko, a riƙa juya aiki. In ba a yi haka ba, yaro ɗaya mai ƙarfin baki zai ƙwace tuƙi, sauran su zama 'yan kallo. Wanda ya yi tuƙi yanzu, zagaye na gaba shi ne mai duba kuskure.

Ta biyu, ba bulala a kan kuskure. A wannan fanni kuskure shi ne abin aikin. In mota ta bugi bango, tambayar ita ce "wane layi ne ya kai ta?", ba "wa ya yi?" ba. Ƙungiyar da ta gano kuskurenta ta gyara, a ba ta maki daidai da wadda ta isa ba kuskure.

Ta uku, a sa 'yan mata, in ya fi sauƙi a yi musu ƙungiyarsu. A gasar nan ta 2017 waɗanda duniya ta fi magana a kansu 'yan mata shida ne daga Herat ta ƙasar Afganistan. Sau biyu aka hana su bizar shiga Amurka kafin a ba su, kayan aikinsu ma suka makara har ya zama mako biyu kacal suka samu na haɗawa, amma suka je suka komo da lambar yabo ta azurfa saboda jarumtaka.

Ta huɗu, a koyi cin nasara tare da wani. A wannan gasa ƙasa uku ake haɗawa su kara da waɗansu uku, kuma wanda kuka kara da shi da safe yana iya zama abokin tafiyarka da yamma. Malam, ka yi haka a filinka. Ka haɗa ƙungiya biyu makinsu ya zama ɗaya, ka gauraya yaranmu da na sauran ƙabilun gari. A rubuta umarni da Hausa yau, gobe da Larabci. Injin bai san ƙabilar mai ba shi umarni ba, daidai da kuskure kaɗai ya sani.

Kirana na ƙarshe ga iyaye da masu hali. 'Ya'yanmu da suka karanta kwamfuta ko injiniya a Jami'ar Gadarif da sauran jami'o'i, waɗanda da yawansu ke zaune a gida, yammaci ɗaya a mako ya isa su taimaka wa malami. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Port Sudan, da 'yan'uwa mazauna Saudiyya, in za a yo tsaraba a tuna da makarantar unguwa, abin da ake nema ba ya cika aljihun riga. Amma kada kowa ya zauna jiran tsaraba. Yaran da suka yi wata uku suna wasan toka, ranar da injin ya zo a yini ɗaya za su tashe shi. Waɗanda ba su yi ba kuwa, ko an kawo musu goma, a akwatin hedimasta za su ƙare.

Saboda haka Malam, in yaron nan ya sake tambayarka "mu kuma yaushe?", ka ce masa ranar Alhamis bayan la'asar, ya zo da abokansa uku da kwanon toka. In kun yi, ka rubuto mana yadda tarakta ta ƙare da gonar maƙwabci, mu buga a wannan zaure don sauran malamai su ƙaru.